Fararen Duwatsun Saje

Auta ta iso da hantsi, bayan motarta shaƙe da kwalaye fanko. Matar Saje ba ta ga kwalayen ba, ƙararsu ta ji ana jibgewa a baranda, nan take kuma ta gane abin da ya kawo su. Ai ba a kawo wa uwa kwali fanko da sunan tsaraba.

"Mama, mun yi magana da Yaya," in ji Auta bayan an gaisa ta sha ruwa. "Jibi za mu tafi tare. Na riga na gyara miki ɗaki."

"Da kuka yi maganar taku, ni ina ina?"

"Haba Mama! Tun da Baba ya rasu ko ƙofar gida ba ki leƙa ba. Masu zuwa gaisuwa sun daɗe da ɗauke ƙafa, ke kina nan zaune. Maƙwabta ke yi miki cefane, su ke karɓo miki komai. Haka za mu zuba ido?"

Matar Saje ta murza bakin zanenta. Ta san ɗakin da ake magana. Yana can ƙololuwar wani dogon bene a babban birni, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ka ɗaga murya ka kira, sai matakalar da ba ta ƙarewa. A nan gidanta kuwa ƙafarta ta san kowane tudu da kwari, hannunta ya san ƙusar da ludayi ke rataye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da idanunta suka daɗe da yi mata sallama. Haske take gani da duhu, sai kuma farin abu in rana ta haska shi sosai. Auta ba ta sani ba, yayanta bai sani ba. Bayan likita mutum ɗaya ne ya sani, shi kuma an kai shi makwancinsa. Duk ranar da yaran suka gano, ta san ko jibin ba za a jira ba, za a naɗe ta ne tare da tukwane a sa a mota.

Duk wanda ya zauna a unguwar ya san Saje. Wanda bai san fuskarsa ba ya san ƙarar takalminsa, don har ya tsufa bai rabu da takalman soja ba, masu ƙarfe a dunduniya, yana tafe ƙwas-ƙwas kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Yara suka sa masa Baba Ƙwas-ƙwas, bai kuma taɓa jin haushi ba. Mata kuwa ba takalmin ne ya tsone musu ido ba, tafiyar ce. Mutum ya tsufa da mace bai taɓa jerawa da ita a hanya ba, kullum shi ne gaba ita a baya, ko waiwaye babu! Wasu suka ce girman kai ne irin na soja, wasu suka ce ita ce ta ɓata shi. Matar Saje tana jin tsegumin tana barin su da shi. In da za a tara matan a tambaye su wace ce mijinta ya taɓa kawar mata da ƙusa daga hanya, da an ji tsit.

Saje ɗan leburan tashar jirgin ƙasa ne, ya tashi ƙafa ba takalmi har gemu ya fara tsiro masa. Shi da bakinsa yake faɗa, in aka tambaye shi abin da ya kai shi soja: "Ni dai gaskiya takalmi na gani. Kishin ƙasar daga baya ya zo, bayan ƙafata ta daina ciwo." A bariki ba a daɗe ba aka gane irin mutumin da aka ɗauko. Shi ne na ƙarshe wajen gama cin abinci, shi ne na ƙarshe wajen ɗaure igiyar takalmi, ihun duniya ba ya sa shi sauri, amma kuma abin da ya ɗaure ba ya kwancewa. Wani hafsa mai hankali ya dube shi ya ce akwai aikin da ya dace da wannan sanyin jikin. Aka tura shi sashen masu tono nakiyar da ake binnewa a ƙasa, aikin da mai garaje ba ya tsufa a cikinsa.

Ita a lokacin tana taya mahaifinta aiki a shagon ɗinki kusa da ƙofar bariki. Wani soja ya kawo riga aljihu ya yage, ta ɗinke. Sati ya zagayo, ga shi da rigar, aljihun dai. Wani satin ma haka. Ta ɗaga rigar ta duba bakin yagar, ta ga a miƙe take sambal.

"Soja, wannan aljihun ai reza ce ta ci shi, ba tsufa ba."

Ya tsaya ƙerere yana zufa, mutumin da ke kwanciya kusa da nakiya hannunsa ba ya rawa. Da ƙyar ya ce, "To ki ɗinke a hankali, ba sauri nake ba."

Wannan shi ne iyakar hirar soyayyar da ya taɓa yi mata, ta kuma wadatar. Mahaifinta da ke bayan labule yana guga ya yi dariya har ya ƙona wandon wani kofur.

Ɗansu na fari yana rarrafe aka kwashe su Saje zuwa yaƙi a wata ƙasa mai nisa. Ya dawo da yatsu uku a hannun hagu, kunne ɗaya ya toshe, bakinsa kuma ya ƙara nauyi. Sauran sojoji sukan zauna a inuwa su yi ta zuba labarin jarumtarsu, har wanda aikinsa dafa abinci ne sai ka ji ya kama gari shi kaɗai. Saje ba ya tankawa. Sau ɗaya tak ya ba ta labarin, wata rana da la'asar tana kafe bakin zane yana riƙe mata ƙarshensa.

Ya ce aikin a kwance ake yinsa, rub da ciki, da tsinken ƙarfe ana soka ƙasa a hankali, taƙi bayan taƙi. Duk inda aka tabbatar babu komai sai a jera duwatsu gefe da gefe, kowane dutse an shafa masa fenti kala biyu. Farin yana kallon ciki, inda aka share, jan yana kallon waje, inda ba a taɓa ba. "In kina ganin fari dama da hagu, taka kawai, wani ya riga ya ba da cikinsa a wajen. In kika ga ja, kin fita layi, tsaya cak." Ya ce yana da aboki, Dogo, mai shegen surutu, shi ke biye da shi da buhun duwatsu. Ran nan sun tashi aiki suna komawa, Dogo yana ba shi labarin yadda ya je neman aure akuya ta cinye masa hula. Labari ya yi daɗi, Saje kuma ba ya waiwaye, sai Dogo ya matso gefensa don ya ga fuskarsa in ya kai wajen dariyar. Layin kuwa faɗin mutum ɗaya ne.

Saje ya saki bakin zanen ya dubi hannunsa na hagu. "Har yau ban san yadda labarin ya ƙare ba," in ji shi. Bai sake tayar da zancen ba, ita ma ba ta sake tambaya ba. Amma daga ranar ta daina jin ciwon tafiya a bayansa.

Haka ya reni yaransa. Da safe in za su makaranta shi ne gaba, su a jere a baya kamar 'ya'yan agwagwa, ana ta yi musu dariya a layi. Duk ƙusar da ya gani a hanya, duk fasasshiyar kwalba, sai ya sunkuya ya jefa a aljihu, don haka aljihunsa bai daina yagewa ba har ya bar duniya, sai dai yanzu ba reza. Bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗa ba. In yaro ya yi laifi sai ya zaunar da shi ya ce, "Faɗa min daga farko, a hankali," ya kuma juyo masa kunnen mai ji. Yaran sukan ce gara bulala da wannan zaman. Auta ce 'yar lelensa, ita ce kuma ta fi kowa jin kunyarsa da ta fara zama budurwa. Ta taɓa roƙonsa ya daina raka ta, ƙawayenta na tsokanarta. Ya ce to. Washegari ya fita tun kafin ta tashi, ya bi hanyar makarantar ya tsince ta tas, ya dawo ya zauna yana shan shayi kamar ba inda ya je.

Da ya yi ritaya ya kama gadi a wata makarantar firamare, ya shafe kututturan itatuwanta da farin fenti har hedimasta ya roƙe shi ya bar allon sanarwa. Ita kuma tana gida da kekenta na ɗinki, macen da ake kawo wa aiki daga unguwanni uku, mai zura zare a allura tana hira ba ta ko duba ba. To ita ce wata rana ta nemi kafar allura ta rasa. Ta ce hasken ɗakin ne. Ta fito tsakar gida, ta sake rasawa. Saje yana zaune yana kallo, washegari ya ce ta shirya ta raka shi asibiti a duba masa kunne. Sai da suka zauna gaban likitan ido ta gane kunnen wa aka zo dubawa.

Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma akwai maganin ɗigawa da zai riƙe sauran in ba a yi wasa da shi ba. A hanyar dawowa ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka kawo mata shi da bandeji. Ta ce kada ya kuskura ya faɗa wa yara, ba ta son a mai da ita abin tausayi, a riƙa yi mata magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Ya ce ya ji. Ta rufe keken ɗinki da zane ta ce wa duniya bayanta ne ke ciwo. Shi kuwa ya zarce wajen mai gyaran takalmi da ke bakin kwana, wanda ake kira Mai Guduma, ya sa aka buga masa sababbin ƙarafa a dunduniya, manya, masu amo.

Daga nan tafiyar tasu ta zama wani abu dabam, ba wanda ya lura. In ƙarar ta karkata dama sai ta karkata, in ya buga ƙafa sau biyu ta san kwata ce a tsallake, in ya ja dunduniya ta san tudu ne. Da haka suke zuwa kasuwa, da haka suke zuwa kemis karɓo magani, da haka suka je har bikin sauke karatun Auta, ta zauna a layin gaba tana tafi lokacin da ya taɓa mata gwiwa. Safe da yamma shi ke ɗiga mata magani da yatsun nan uku, yana cewa, "Ɗaga kai, kurtu." Takan ce, "Kurtun da ya fi ka shekarun aiki a gidan nan." Matan unguwa kuma suna nan suna cewa har yanzu bai koyi jerawa da ita ba.

A shekararsa ta ƙarshe ne ya tsiro da abin da ya ba kowa dariya. Numfashinsa ya fara gajarta, ƙafafu na kumbura, likita ya ce zuciya ce, ya huta. Hutun da ya yi shi ne ya sayo gwangwanayen fenti da buroshi, ya riƙa tsinto duwatsu a baro yana jerawa a bakin layi. Kullum da safe ka gan shi durƙushe yana shafe-shafe, yana yi yana tsayawa ya huce. Masu shaguna suka ce tsufa ya zo wa Saje ta wajen fenti, ya ɗauka unguwar bariki ce, saura ya busa usur a fito fareti. Matarsa ma ba ta raga masa ba. Warin fentin take ji a rigarsa ta hau faɗa.

"Mutum ana ce masa ya kwanta, shi yana can yana yi wa duwatsu kwalliya! Gwamna ne zai zo?"

"Layin ne ya yi datti."

"To kai ne hukumar shara?"

Sau ɗaya ya so ya yi mata wata magana. Yana ɗiga mata magani ya ce, "Kin ga, in wata rana ba na nan..." Ta bige hannunsa har kwalbar ta faɗi, ta ce in ya sake yi mata irin wannan zancen ba za ta ƙara buɗe masa ido ba. Ya tsinci kwalbar ya rufe ta. Shi dama ba mai ja-in-ja ba ne, ita kuma ta san hakan, ta kuwa yi amfani da shi har ya yi yawa.

Wata safiya ya dawo daga fentinsa da wuri, ya ajiye gwangwani a bayan ƙofa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin shayi ya yi. Ta kawo shayin ta tarar ya riga ya tafi, takalmansa a ƙafa, bai ko kwance igiyar ba. Ita ta kwance masa da hannunta, ta daɗe tana fama, don ɗaurin Saje ne.

Tun daga ranar duniyarta ta tsaya a bakin ƙofar gida. Ba baƙin ciki kaɗai ya zaunar da ita ba, ko da yake shi ma ya isa. Tsoro ne. A waje akwai kwata buɗaɗɗiya, akwai babura, akwai ƙarafan bakanike, kuma babu ƙarar da za ta bi. Maganin da ya tara mata ta yi ta lallaɓawa, tana ɗigawa rabi a ido rabi a kumatu, har ya ƙare ana gobe Auta za ta zo. Ba ta aiki maƙwabta kemis ba, don duk wanda ya riƙe kwalbar zai tambaya na mene ne.

Da yamma Auta ta fara haɗa kaya. Matar Saje tana jin ana naɗe kofuna a jarida, ana sauke hotuna daga bango. Da ta ji an taɓa keken ɗinki sai ta miƙe.

"Ajiye min kayana. Ba inda za ni."

"Mama, don Allah kar mu yi haka." Auta ta saki keken. "Kin san ba don na raba ki da gidanki ba ne. Tsoro nake ji. In wani abu ya same ki cikin gidan nan ke kaɗai fa? Da a ce kina fita, kina harkokinki kamar da, wallahi ni da kaina zan ce wa Yaya a ƙyale ki. Amma ko bakin layi kin kasa zuwa."

"Wa ya ce na kasa?"

"To ki je mana."

"Gobe da safe zan je kemis in dawo, ni kaɗai. In na dawo ki kwashe kwalayenki."

Bakinta ne ya faɗa, zuciyarta ba ta sa hannu ba. Da gari ya waye ta yi wanka ta saka kayanta masu kyau, ta ƙulle fankon kwalbar a bakin mayafi, ta jira rana ta ɗaga sosai. Kafin ta fita ta shafa takalmansa da ke ajiye a bayan ƙofa, ta ce a ranta, kai ka ja min, da ka bar ni na koyi faɗuwa tun da sauran ƙarfina. Ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa waje.

Haske ya dallare ta, hayaniya ta taso ta ko'ina. Ta tsaya riƙe da ƙyauren, har ta fara tunanin komawa ta ce kanta ke ciwo. Sai ta sunkuyar da kai, yadda shi yake yi. A ƙasa, cikin hazon da ya zame mata duniya, ga wani abu fari fat a damanta. Ga wani a hagunta. Gaba kaɗan ga wasu biyu, gabansu wasu biyu, sun miƙe sun shige cikin hazon.

Ta san da duwatsun, ita da ta sha yi musu faɗa. Amma ba ta taɓa dubansu ba, don a lokacin kunnenta ne ke tafiya, ba idonta ba. Ta saki ƙyauren ta taka tsakaninsu. Ta ƙara takawa. Faɗin wajen daidai mutum ɗaya.

Layin bai miƙe sambal ba. Ya karkata hagu, ta ji warin kwata ya wuce ta dama. Ya lanƙwasa ya kauce wa wani abu, ta miƙa hannu ta taɓa wayar da ke riƙe da falwaya, wadda da ta shaƙe ta a wuya. Wajen garejin bakanike wani babur ya yi mata ham, ta firgita ta yi tsalle gefe, ta duba ƙasa ta nemi farin ta rasa, sai duhu-duhu. Ta tsaya cak. Ta durƙusa ta lalubo dutsen ta kawo fuskarta kusa da shi. Gefen da ke kallonta ja ne. Ta leƙa ɗaya gefen, ga farin nan.

Nan ta gane, a durƙushe a bakin gareji, cikin kayanta masu kyau. Ta tuna la'asar ɗin nan da bakin zane a hannunsa, ta tuna maganar da ta bige masa a baki. Ashe da ta hana shi faɗa, sai ya fito ya yi ta da gwiwoyinsa da zuciyar da likita ya ce a hutar, unguwa na dariya, ita tana tambayarsa ko gwamna ne zai zo. Kuka ya taso mata, mai zafi, na kewa da na kunya a haɗe. Ta bar shi ya zubo, ta share da mayafi, ta koma cikin layi ta ci gaba. Yanzu ba lallaɓawa take ba, tafiya take.

"A'a! Matar Saje ce yau a gari? Sannu da fitowa, Mama!" masu shaguna ke ta ɗaga murya. Tana amsawa ba ta ɗaga kai ba.

Ta wuce mai kayan miya, ta wuce famfo, ta ji bugun Mai Guduma yana matsowa, ta san kwana ta kusa, daga kwana kuma kemis ba nisa. Sai farin ya ƙare. Dutse ɗaya ne a dama, babu abokinsa a hagu, gaba kuma babu komai sai hazo da ƙarar motoci. Ta tsaya a kan iyakar, ta kasa gaba ta kasa baya.

Bugun guduma ya tsaya. "Mama, nan ya tsaya," in ji Mai Guduma a hankali. "Ran nan ya shafa wannan ɗin ya zauna a bencina yana haki. Na ce Saje ka bari na ƙarasa maka, ya ce a'a, sai wanda ya san inda ramukan suke. Ya ce gobe zai kai shi har ƙofar kemis."

"Ya faɗa maka na mene ne?"

"Bai faɗa ba. Amma ni na buga masa ƙarafan nan, Mama. Mutum ba ya cewa a sa masa masu ƙara sai in akwai mai saurare."

Sai ta ji wani numfashi a bayanta, wanda ta sani tun yana cikin zanen goyo. Auta ce. Tun daga gida take biye da ita, takalmi a hannu don kada a ji ta. Ta ga lalube, ta ga durƙuso, ta ga uwarta ta kai fuska har kan dutse.

"Mama," in ji Auta, "tun yaushe?"

"Tun kina makaranta."

"Kuma Baba..."

"Shi ne idon. Ga sauran nan a ƙasa." Ta gyara mayafinta, ta miƙe sosai. "To kin gani. Ban kai kemis ba, kin ci. Je ki haɗa kwalayenki."

 Matar Saje ta ji ƙafafun Auta sun juya da gudu sun nufi gida, ta ce a ranta shi ke nan, an tafi kiran Yaya. Mai Guduma ya jawo mata benci ta ƙi zama. Tana nan tsaye kusa da dutsen ƙarshe har ta ji ƙarar baro na tahowa, da duwatsu na gwaruwa a ciki, sannan wani wari ya bugi hancinta, warin da ta yi shekara tana yi wa faɗa.

"Malam, ara min abin buɗe gwangwanin nan, ya bushe a baki," in ji Auta. "Kuma ka nuna min inda ramukan suke daga nan zuwa kemis, kai ka fi ni sanin wajen."

Aka ɓalle murfi. Matar Saje ta ji 'yarta ta durƙusa a ƙasa, da kayanta na zuwa ofis, tana jan hanci tana juya fenti da tsinke. Aka ajiye dutse a hagu, daura da wanda ba shi da aboki.

"Mama, wane gefe ne farin yake kallo?"

Matar Saje ta sunkuyar da kai wajen dutsen.

"Ciki," ta ce. "Farin yana kallon ciki. Kuma ki yi a hankali, ba sauri muke ba."